Rantsuwar jini, hawan iska da jiran "Sarkin Miao": rawar addini a boren Miao kan daulolin Sin

Akwai wata magana da ta shahara a kudu maso yammacin ƙasar Sin game da mutanen Miao, wai duk shekara 30 sai sun yi ƙaramin bore, duk shekara 60 kuma su yi babba. Lissafin bai kauce sosai ba, domin manyan yaƙe-yaƙe uku da suka yi da daular Qing, daular sarakuna ta ƙarshe a Sin, sun tashi ne a 1735, da 1795, da kuma 1855. A kowane ɗaya daga cikinsu akwai addini a tsakiya: ko dai jita-jitar bayyanar wani sarki da sama ta aiko, ko samari da iska ta hau suna kiran yaƙi, ko shugaban wata ƙungiyar asiri mai alƙawarin sabon zamani.

Abin da ke rikita mai karatu shi ne bayanan sun saɓa wa juna. Jami'an daula sun rubuta cewa jahilai ne da bokaye suka ruɗa. Littattafan tarihi na gwamnatin Sin bayan 1949 sun ce manoma ne da suka tashi kan zalunci, addinin kuwa mayafi ne kawai. Idan aka bi abin da ya faru daki-daki, za a ga cewa ƙasa da bashi da haraji su ne suka hura wutar, amma masu riƙe da ibada ne kaɗai ke da hanyar da za ta haɗa ƙauyuka ɗaruruwa da ba su da sarki ɗaya su tashi rana ɗaya. Daular ma ta gane haka, shi ya sa bayan ta gama da bindiga ta koma kan wuraren bauta.

Su wane ne Miao

A ƙidayar Sin ta 2020, Miao sun haura miliyan 11, mafi yawansu a lardunan Guizhou, Hunan da Yunnan. Sai dai sunan rumfa ce da ta rufe jama'a daban-daban waɗanda harsunansu ba sa fahimtar juna: Xong na yammacin Hunan, Hmu na kudu maso gabashin Guizhou, A-Hmao na iyakar Guizhou da Yunnan, sai Hmong, waɗanda wasunsu suka gangara Biyetnam, Laos da Tailan, daga can kuma yaƙi ya kai su Amurka da Faransa bayan 1975.

A takardun daulolin Ming da Qing rumfar ta fi haka faɗi. Kusan duk mutanen tsaunukan kudu da ba Han ba, wato ƙabilar da ta fi yawa a Sin, ana iya ce musu Miao, har da ƙabilun Bouyei da Dong. Jami'ai sun kuma kasa su biyu: "dafaffu", wato masu biyan haraji da ke cikin rajistar gwamnati, da "ɗanyu", waɗanda hannun hukuma bai kai gare su ba. Don haka idan takarda ta ce "boren Miao", dole a tambaya waɗanne mutane ake nufi, domin sau da yawa amsar kan canza labarin gaba ɗaya.

Yadda daula ta hau tsaunuka

Tun zamanin Yuan da Ming, sarakunan Sin suna mulkin waɗannan yankuna ta hannun shugabannin gado da ake kira tusi. Fada kan ba su muƙami da hatimi, su kuma su kawo gaisuwa da sojoji, kusan irin yadda Turawan Ingila suka mulki Arewacin Najeriya ta hannun sarakuna. An mai da Guizhou lardi a 1413. A farkon ƙarni na 17, Ming ta gina doguwar ganuwa a yammacin Hunan, kusa da Fenghuang, don raba "ɗanyun" Miao da sauran jama'a.

Babban sauyi ya zo daga 1726, lokacin da Ortai, babban gwamnan Yunnan da Guizhou a ƙarƙashin Sarki Yongzheng, ya dage kan tsige shugabannin gado a maye gurbinsu da ma'aikatan da fada ke turowa. A kudu maso gabashin Guizhou ma babu tusi da za a tsige, yankin bai taɓa shiga hannu ba. Janar Zhang Guangsi ya ci shi da yaƙi daga 1728, aka kafa sababbin gundumomi shida, ciki har da Guzhou da Taigong.

Bayan soja sai baƙi. A ƙarni na 18 yawan mutanen Sin ya kusan ninkawa, 'yan ƙabilar Han marasa gona suka kwarara zuwa tsaunuka. Wasunsu suka zama 'yan kasuwa masu ba da bashi da ruwa. Manomi ya ci bashin hatsi ko gishiri da bazara, ya jinginar da gonarsa, kafin 'yan shekaru ya wayi gari yana noma ta a matsayin ɗan haya. Idan ya kai ƙara, da harshen Sinanci za a yi shari'ar, kuma takarda ce hujja, shi kuwa ba ya karatu. A kan wannan aka ɗora aikin tilas na ɗaukar kayan soja da gina sansani.

Masu riƙe da ibada a ƙauye

Miao ba su da babban limami ko cibiyar addini guda. Iko a warwatse yake, kuma iri-iri ne.

Akwai masu yi wa dangi hidimar kakanni. A kudu maso gabashin Guizhou, zuriyar da ta fito daga kaka ɗaya tana da ganga mai tsarki da aka yi imani kurwar magabata na zaune a ciki. Sau ɗaya a shekara 13 ake babban bikin ganga, a yanka ɓauna masu yawa (a can ɓauna dabbar gida ce, da ita ake noman shinkafa), kuma akan zaɓi shugaban bikin da kowa ke jin maganarsa. A yammacin Hunan masu wannan aiki ana ce musu badai, kuma kashi biyu ne: masu yin ibada da harshen Miao, da masu yi da Sinanci cikin salon da ya ɗauko abubuwa daga addinin Dao. Wannan kaɗai ya nuna cewa addinin tsaunuka da na baƙi sun daɗe da cuɗanya.

Akwai kuma taron alƙawari, wanda shi ya fi muhimmanci ga yaƙi. Dattawan ƙauyuka kan haɗu su amince da doka kan sata, ko iyakar daji, ko taimakon juna idan an kawo hari. Sai a kafa dutse a matsayin shaida, a yanka sa, a raba naman gida-gida. Duk wanda ya ci ya shiga alƙawarin. Ana kuma shan giya gauraye da jini a yi rantsuwa, wanda ya saɓa kuwa ana jiran bala'i a kansa da zuriyarsa. Saƙon gaggawa kan zaga a kan guntun itace da aka yi wa tsage, a haɗa da gashin kaza da gawayi, alamar a zo da sauri.

Na uku su ne waɗanda iska ke hawa. Wannan baiwa ba ta bin gado ko shekaru, tana iya sauka kan matashi ko mace ko matalauci. A nan ne labarin sarki ya samu ƙofa. Ƙungiyoyin Miao da yawa suna da labarin cewa a da suna da ƙasarsu da sarkinsu da rubutunsu, aka kore su, littattafan suka salwanta wajen ƙetare kogi, kuma wata rana sarkin zai dawo da su. Dattijon dangi maganarsa ba ta wuce danginsa, amma wanda ya ce sarkin da ake jira ya yi magana ta bakinsa yana iya kiran kowa.

1735: "sarki ya bayyana"

Shekara bakwai kacal bayan fara cin yankin, a farkon 1735, magana ta bazu a kewayen Guzhou cewa Sarkin Miao ya bayyana. Sunayen da suka fi fitowa su ne Bao Li da Hong Yin. Itacen saƙo ya zaga, aka sha jini, cikin 'yan watanni dubban mayaƙa suka ci garuruwa irin su Kaili da Huangping, suka toshe hanyar da ta haɗa Guizhou da Hunan. Jami'an da aka fara turowa suka ɓata lokaci suna jayayya da juna. Yongzheng ya rasu a wannan shekarar, ɗansa Qianlong ya mayar da Zhang Guangsi fagen fama. Rahoton Zhang ya ce an rushe ƙauyuka sama da 1,200, an kashe mutum fiye da 17,000.

Abin lura shi ne matakin da Qianlong ya ɗauka bayan nasara. Ya yafe harajin sababbin gundumomin, ya kuma yarda a riƙa warware rikicin da ke tsakanin Miao da Miao bisa al'adarsu. Da sarkin ya ɗauka cewa bokanci ne kawai ya tayar da mutane, da bai taɓa haraji ba. Sai dai a lokaci guda an ƙwace gonakin 'yan tawaye an mai da su gandun soja, wanda ya ƙara yawan baƙi.

1795: shekarar da samari suka "haukace"

Wannan shi ne boren da aka fi samun bayanin addininsa, domin an kama shugabanni da dama an rubuta jawabinsu. Ya tashi ne a inda Hunan, Guizhou da Sichuan suka haɗu, yankin da aka shigar ƙarƙashin mulki kai tsaye tun farkon ƙarnin, kuma baƙi suka mallake mafi kyawun gonakinsa. Taken mayaƙan a fili yake: a kori baƙi, a karɓo tsohuwar ƙasa.

Kafin a fara harbi, wani abu ya bazu daga ƙauye zuwa ƙauye wanda takardun hukuma suka kira hauka. Mutum zai kama rawar jiki, ya ɗauki mashi ko takobi yana tsalle, yana cewa sarki ya sauko, a kashe baƙi. Da ya lafa sai abin ya kama wani. Masanin tarihi Donald Sutton, wanda ya bi jawaban fursunonin, ya nuna cewa wannan hawan iska ya taka rawa ta gaske wajen tayar da jama'a, kuma sau da yawa matasa marasa muƙami ne ya fara kamawa, dattawa suka biyo baya. Wannan ya bayyana yadda aka shawo kan masu abin hannu da shugabannin da hukuma ta naɗa, waɗanda su ne za su fi asara idan an yi yaƙi. Mutum na iya musu da ɗan'uwansa, amma musu da abin da jama'a suka ɗauka muryar sama ce yana da wuya.

Shugabannin da suka fito su ne Shi Liudeng na Songtao, Shi Sanbao na Yongsui, da Wu Bayue na yankin Qianzhou. An naɗa Wu Bayue "Sarki Wu", aka danganta shi da Wu Sangui. Wannan zaɓi yana da ban mamaki, domin Wu Sangui janar ne ɗan Han wanda ya buɗe wa Manchu, masu daular Qing, ƙofar shiga Sin a 1644, daga baya ya yi musu tawaye a 1673, ya mutu a Hunan a 1678. Wato sarkin da Miao ke jira ya ari sunan mutumin da mutanen yankin suka san ya taɓa girgiza gidan sarautar Qing. Labarin na gargajiya ne, amma masu ba da shi sun san siyasar daular da suke faɗa da ita.

Fada ta turo sojoji daga larduna bakwai ƙarƙashin Fukang'an, janar ɗin da Qianlong ya fi ji da shi, tare da Helin, ƙanen babban wazirin fada Heshen. Dukansu biyu sun mutu a fagen a 1796. Amma haɗin kan Miao bai daɗe ba. Jami'ai suka riƙa raba muƙamai da azurfa da gishiri ga duk wanda ya miƙa wuya. Wu Longdeng, ɗaya daga cikin waɗanda aka yi rantsuwa da su, shi ne ya miƙa Wu Bayue. An kai Shi Sanbao Beijing aka kashe shi, Shi Liudeng ya faɗi a fagen yaƙi. A nan raunin irin wannan jagoranci ya fito: yana tara mutane da sauri, amma ba shi da baitulmali ko rundunar dindindin, kuma da zarar harsashi ya kashe wanda aka ce ba ya jin harsashi, sai kowane ƙauye ya fara lissafin kansa.

A 1797, a Nanlong da ke kudu maso yammacin Guizhou, wata budurwa mai warkar da marasa lafiya da ake kira Wang Nangxian ta jagoranci wani boren tare da Wei Chaoyuan. Mabiyanta sun ɗauke ta a matsayin wadda sama ta aiko. An kama ta aka kashe ta a Beijing a shekarar. Takardun Qing sun sa ta cikin Miao, alhali 'yar Bouyei ce.

Daular ma ta shiga fagen bauta

A Yaxi, kusa da Qianzhou, akwai ɗakin bautar wasu gumaka uku da ake kira Sarakunan Sama. Miao da Han da Tujia duk suna tsoronsu, kuma a gabansu ake shan jinin rantsuwa idan shari'a ta gagara. Bayan yaƙin, fada ta ba gumakan nan muƙaman girmamawa, tana mai cewa sun taimaki rundunar sarki. Da haka wurin da ya fi kowane kwarjini a idon Miao ya koma ɓangaren hukuma.

Fu Nai, jami'in da aka damƙa wa yankin Fenghuang, ya gina ɗaruruwan hasumiyoyin tsaro a kan layin tsohuwar ganuwa, ya karɓe makamai, ya ƙwace gonaki don ciyar da dakarun sa-kai, ya buɗe makarantun koyar da littattafan Confucius. Ya kuma hana manyan bukukuwan yanka ɓauna. Hujjar da aka bayar ita ce almubazzaranci da camfi, amma kowa ya san a irin waɗannan taruka ne ƙauyuka ke haɗuwa. Faɗa bai mutu sarai ba sai wajen 1806.

1854 zuwa 1873: lokacin da addinai suka cakuɗe

Yaƙi na uku ya fi tsawo da ɓarna. Guizhou lardi ne matalauci da ke rayuwa da tallafin kuɗi daga wasu larduna. Da yaƙin Taiping, wani babban tawaye kan daular Qing, ya ɓarke a farkon shekarun 1850, tallafin ya yanke, aka kwashe sojoji, jami'ai suka matsa wa talaka. A yankin Taigong an tilasta biyan haraji da azurfa, wadda manomi ba ya da ita sai ya ci bashi. Mutane sun fara da roƙon sassauci. Da aka ƙi, a 1855 suka yi taron rantsuwa irin na gargajiya, Zhang Xiumei, wanda ɗan ƙwadago ne, ya fito a matsayin babban jagora. Sun riƙe mafi yawan kudu maso gabashin lardin sama da shekara 15.

Masanin tarihi Robert Jenks ya ja hankali a 1994 cewa kiran wannan yaƙi "boren Miao" kuskure ne, domin Miao ɓangare ɗaya ne kawai. Waɗanda suka fara tashi a 1854 akwai Bouyei a Dushan da Han a Tongzi. A arewa da tsakiyar lardin, rundunonin da ake bambantawa da launin ƙyallensu, ja da fari da rawaya, yawancinsu Han ne mabiya ƙungiyoyin asiri na addini. Fitaccen malaminsu shi ne Liu Yishun, wani tsoho da ya shigo daga Sichuan yana wa'azin wata ƙungiya mai alaƙa da tsohuwar al'adar addini da ake kira Farin Bado: barin cin nama, bautar Uwa Madawwamiya, da jiran babban bala'i wanda masu imani kaɗai za su tsira daga gare shi. Sun kuma naɗa wani da aka ce jinin sarakunan Ming ne. A kudu maso yamma Musulmin Hui ne suka ɗaga farar tuta daga 1858, daidai lokacin da Du Wenxiu, jagoran tawayen Musulmi, ke mulki a Dali ta Yunnan. A arewa maso yamma kuwa Tao Xinchun ya tara Miao da ke noma a ƙarƙashin masu ƙasa 'yan ƙabilar Yi, ya kafa sansani a dutsen Zhugongjing har zuwa 1867.

Wannan ya sauya yanayin jagorancin addini. Ƙungiyoyin asiri suna da abin da mai hawan iska ba shi da shi: littattafai, matakan muƙami, da almajirai a garuruwa masu nisa. Sun karɓi mutum ba tare da duba ƙabilarsa ba, kuma wasu Miao sun shiga. Duk da haka rundunonin ba su taɓa zama ƙarƙashin jagora ɗaya ba. Da aka gama da Taiping a 1864, fada ta juyo da sojojin Hunan da Sichuan masu bindigogin zamani. An kama Liu Yishun a 1868. Miao sun yi wa rundunar Hunan mummunan kwanton ɓauna a Huangpiao a 1869, amma kwamandan rundunar, Xi Baotian, ya ci gaba da cin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya. An kama Zhang Xiumei a 1872 aka kashe shi a Changsha.

Inda masana suka saɓa

Ra'ayin jami'an Qing yana da dalilin da ya sa ya kamata a yi hattara da shi. Dokar daula ta tanadi hukunci mai tsanani kan sihiri da karkatacciyar koyarwa, kuma gwamnan da ya ce boka ne ya ruɗi jama'a ya wanke kansa daga tambayar yadda ya tafiyar da haraji. Jawaban fursunoni ma a hannun masu azabtarwa aka ɗauke su, da harshen da ba nasu ba. Amma ba za a watsar da su ba, domin bayanin hawan iska ya maimaitu a bakin mutane daban-daban, kuma ya dace da ibadar da masu bincike suka tarar a yankin daga baya.

Masu fassarar gwagwarmayar manoma sun yi daidai kan ƙasa da bashi, kuma su suka tattara waƙoƙin baka da ke yabon Zhang Xiumei, wanda yanzu mutum-mutuminsa ke tsaye a Taijiang, wato tsohuwar Taigong. Inda suka gaza shi ne bayyana dalilin da ya sa zaluncin da aka jure shekara da shekaru ya fashe a wata ɗaya, da kuma dalilin da ya sa aka kashe matalautan Han tare da masu kuɗinsu a 1795.

Masu nazarin al'adu irin su Nicholas Tapp da Siu-woo Cheung sun ɗauki labarin sarki da ɓataccen rubutu da muhimmanci. A ganinsu, mutanen da suka ga ana ƙwace musu gona da takarda sun fahimci cewa mulki da rubutu tare suke tafiya, don haka mafarkinsu shi ne samun nasu. Wannan fassara tana da ƙarfi, sai dai yawancin hujjarta daga Hmong da A-Hmao na ƙarni na 20 ta fito, kuma ba lallai Xong na 1795 su yi tunani iri ɗaya ba.

Abin da ya sami talakawa

Mutuwa da gudun hijira su ne na farko. Akwai ƙiyasin da ake yawan ambata cewa kusan mutum miliyan 4.9 daga cikin miliyan 7 na Guizhou sun halaka a yaƙin 1854 zuwa 1873. Jenks da wasu suna ganin an zuzuta adadin, amma babu mai musun cewa gundumomi da dama sun zama kufai. Rikice-rikicen ƙarni na 18 da na 19 suna cikin abin da ya tura Hmong kudu zuwa tsaunukan Biyetnam da Laos. A yammacin Hunan, gonakin da Fu Nai ya ƙwace sun bar wa manoma kuɗin hayar da suka ci gaba da biya har bayan faɗuwar Qing a 1912, sai da wani sabon bore na 1936 zuwa 1938 ya kawo ƙarshensa.

Jiran sarki da littafi kuwa ya nemi wasu hanyoyi. A 1904 A-Hmao suka fara tururuwa zuwa Zhaotong wurin Samuel Pollard, ɗan mishan daga Ingila. Ya kafa cibiya a Shimenkan, shi da abokan aikinsa Miao da Han suka ƙirƙiro haruffan rubuta harshensu, dubbai suka karɓi Kiristanci cikin 'yan shekaru. Cheung ya nuna cewa da yawa sun ɗauki wannan a matsayin dawowar littafin da ya ɓata. A wannan karon abin ya haifar da makarantu, kodayake masu ƙasa 'yan Yi sun tsananta wa sababbin Kiristocin don tsoron kada su ƙi biyan haya.

A Biyetnam da Laos, waɗanda Faransa ke mulka a lokacin, Pa Chay Vue ya jagoranci Hmong daga 1918 zuwa 1921 kan haraji da aikin tilas, yana cewa an hau da shi sama an ba shi umarni da rubutu. Faransawa suka kira shi yaƙin mahaukaci, kusan kalmar da jami'an Qing suka yi amfani da ita a 1795. A 1959 wani manomi a iyakar Biyetnam da Laos, Shong Lue Yang, ya fito da haruffan Pahawh yana cewa wahayi ne. Ɓangarorin yaƙin Laos duka biyu sun zarge shi, aka kashe shi a 1971, amma har yanzu wasu Hmong na rubutu da haruffansa.

A cikin Sin, an hana aikin badai da bikin ganga a matsayin camfi lokacin Juyin Al'adu na 1966 zuwa 1976. Sun farfaɗo daga shekarun 1980, kuma a 2006 gwamnati ta sa bikin ganga na Leishan cikin jerin al'adun gado na ƙasa, yanzu hukumomin yawon buɗe ido ne ke tallata shi.